Yadda Ake Zaɓen Injin Motar Iyali Da Zai Jure Zafin Garwa, Hawan Ngaundere Da Man Zuwa-Zuwa

Motocin iyali masu matsakaicin girma da ke shigo mana ta Duwala, ta Kotono ko ta iyakar Najeriya, irin su Avensis, Camry, Accord, Passat da Peugeot 406 da 407, kowace tana fitowa da injuna iri-iri a cikin jiki guda. Avensis biyu za su tsaya kafaɗa da kafaɗa a wurin dillali, launi ɗaya, shekara ɗaya, amma ɗaya ta yi shekara goma tana zirga-zirga tsakanin Marwa da Kusiri ba a buɗe mata kan inji ba, ɗayar kuma ta kwanta a gareji tun damina ba ta zagayo ba. Bambancin yana ƙarƙashin bonet. Masu saye kuwa sun fi duba fenti da kujeru da sanyin kilim, wato na'urar sanyaya mota, in sun tambayi inji sai su ce doki nawa ne. Yawan doki shi ne tambaya ta ƙarshe. Ta farko ita ce wane mai injin zai sha a nan, wane zafi zai shiga, kuma wa zai gyara shi in ya tsaya.

Mataki na 1: Lissafa nauyin da motar za ta ja

Ka ɗauki nauyin motar ba kaya, ka ƙara mutum biyar, kilo 350, da kayan but kilo 100. Abin da ya fito ka raba shi da yawan dokin inji. Avensis ta 2003 zuwa 2008 tana kusa da kilo 1,300, da lodi ta zama 1,750. In injinta lita 1.6 ne mai doki 110, kowane doki na jan kilo 16. In 1.8 ne mai doki 129, kilo 13 da rabi. Camry ta 2007 mai lita 2.4 da doki 158 tana kusa da kilo 1,500, da lodi ta koma 1,950, kowane doki kilo 12 da ɗoriya. Wadda ke da V6 mai doki 268 ba ta kai kilo 8 ba.

Ga motar iyali a nan, tsakanin kilo 11 da 14 ya wadatar. Abin da ya haura 15 zai wahalar da kai wurin wuce tirela a hanyar Garwa zuwa Figil, kuma ba zai rage maka kuɗin mai yadda kake zato ba, don ƙaramin inji a babbar mota kullum a take yake. Ƙasa da kilo 9 kuma ƙarfi ne da za ka riƙa biya wa mai alhali ramukan hanyar Mora zuwa Dabanga ba za su bar ka ka more shi ba.

Sai abu biyu da takardar kamfani ba ta faɗa. Inji marar turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, yana rasa kusan kashi 1 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita 100 da aka hau, saboda iska na raguwa. Garwa na ƙasa da mita 300, Ngaundere ta haura mita 1,000, don haka motar da ta baro Garwa da doki 129 tana isa saman tsaunin da kusan 116. Kilim kuma yana cin doki uku zuwa biyar. Mai zama a Adamawa ko mai yawan hawan dutsen Mbe kada ya sauka ƙasa da lita 1.8.

A kula kuma da ƙarfin murɗawa, wanda ake rubutawa da Nm, da inda yake fitowa. Injin 1.8 na Toyota yana ba da Nm 170 sai ya kai zagaye 4,200 a minti. Injin gazuwal, wato dizal, 2.0 HDi mai doki 110 na Peugeot 406 yana ba da Nm 250 tun a zagaye 1,750. Shi ya sa 406 mai gazuwal ke hawan tudu da lodi a giya ta huɗu, mai fetur kuwa sai an dawo da ita ta uku tana kuka, ko da ta fi yawan doki.

Mataki na 2: Duba yadda inji ke karɓar mai

Nan ne mafi yawan asarar take, don haka a tsaya a fahimta.

Injin fetur iri biyu ne. Na farko yana fesa mai a bayan bawul ɗin shigar iska, da matsi kusan ba 3 zuwa 4 (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne). Fetur na wanke bawul a kan hanyarsa, famfo ɗaya ne a cikin tanki, nozul ɗinsa ana cirewa a wanke a mayar. Irinsu ne 5S-FE, 1ZZ-FE, 2AZ-FE da 2AR-FE na Toyota, K24 na Honda na kafin 2013 da EW10J4 na Peugeot. Na biyu yana fesa mai kai tsaye cikin silinda, da matsin da kan haura ba 100, saboda haka yana da famfo na biyu a kan inji wanda man da kansa ke shafa wa santsi. Toyota na kiransa D-4, Volkswagen FSI ko TSI, Mitsubishi da Hyundai GDI, Peugeot HPi ko THP. A Turai wannan zanen yana rage shan mai kaɗan. A nan kuwa matsala biyu yake kawowa. Fetur mai ruwa ko yashi yana cinye famfon nan mai tsada, sannan tun da mai ba ya ratsa bawul, baƙin hayaƙi na daskarewa a bayansu har iska ta kasa wucewa, mota ta riƙa rawa a silo tana mutuwa a mahaɗar hanya. Wanke nozul ba ya maganin wannan, sai an kwance bututun iska an kankare.

In ka san rabin man da za ka sha na kwalba ne ko na jarka, ka tsaya kan nau'in farko. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga can ta bayan fage a sayar a kwalba, ya yi tsada, amma har yanzu akwai garuruwan da in ka rasa shi sai ka ajiye mota. Laifinsa ba daga asali ba ne, daga hanya ne: duro mai tsatsa, ruwan damina, rana da ke busar da sashen da ke saurin kamawa, da masu haɗawa da kananzir. Gwaji biyu na da sauƙi. Zuba rabin lita a kwalba mai haske ka bar ta minti biyar, in akwai ruwa zai kwanta a ƙasa da layi a tsakani. Ɗiga kaɗan a farar takarda: fetur tsantsa yana bushewa ba tabo, wanda aka gauraya da kananzir ko gazuwal yana barin shatin maiƙo. Kananzir yana rage wa fetur juriya, mai ya riƙa fashewa kafin lokacinsa, ka ji ƙarar ƙas-ƙas in ka taka a tudu. Kwamfutar inji tana jin wannan ƙarar ta ja wuta baya, ƙarfi ya ragu, zafi ya ƙaru. In abin ya daɗe, fistin ne ke biya.

Akwai wani ɗan bambanci da ke amfanar motocin Amurka. An saita yawancinsu kan fetur mai lamba 87 a ma'aunin can, wanda ya yi daidai da 91 a ma'aunin Turai, yayin da motocin Turai ke neman 95. Camry da Accord 'yan Amurka sun fi haƙuri da man da ya kwana a rana.

Gazuwal kuma hawa uku ne. Tsofaffi masu famfon juyawa, kamar 2C na Carina E da 1.9 TDI mai doki 90 ko 110 na Passat, suna da haƙuri, kuma akwai masu gyaran famfonsu a Garwa da Njamena. Na tsakiya su ne masu bututun matsi guda da ke ciyar da dukkan nozul, kamar 2.0 HDi na 406 da D-4D na Avensis. Matsinsu yana farawa daga ba 1,350, na baya-baya sun haura 1,600. A irin wannan matsi ɗigon ruwa ma ɓarna ne: famfo ya fara cin kansa, garin ƙarfe ya bi mai zuwa nozul huɗu da tanki, gyara ya zama sauya layin gaba ɗaya. Za a iya riƙe su in daga gidan mai kaɗai ake sha, ana sauya filtar gazuwal duk kilomita 10,000, ana kuma tsiyaye ruwan da ke taruwa a gindinta duk wata. Na uku su ne masu matatar toka a salansa, wadda Faransawa ke kira FAP. Peugeot ta fara saka ta a 607 a shekarar 2000, daga 2009 kuma kusan duk motar gazuwal ta Turai tana da ita. An yi ta ne don gazuwal mai ƙarancin sulfa irin na Turai, kuma tana ƙone tokarta ne kawai in mota ta yi doguwar tafiya salansa ya yi zafi sosai. Motar da aikinta kai yara makaranta da zuwa kasuwa a cikin Marwa za ta toshe ta, ta rage ƙarfi, gazuwal ya riƙa gangarawa cikin baƙin mai. Ga mai yawon cikin gari, wannan nau'in ba nasa ba ne ko da arha aka ba shi.

To yaushe gazuwal ke biyan kansa? A farashin da aka sa a Kamaru a Fabrairun 2024, fetur sefa 840 ne lita, gazuwal 828, kusan ɗaya. Ribar tana wurin yawan sha. Mota mai gazuwal kan sha kusan lita 6 a kilomita 100 a babbar hanya, mai fetur 2.0 kusan 8 zuwa 9. In bambancin lita 2 da rabi ne, mai tafiyar kilomita 30,000 a shekara ya tsira da lita 750, sama da sefa 600,000. Mai tafiyar 8,000 kuwa lita 200 ne kawai, kuɗin da nozul ɗaya ko biyu za su haɗiye.

Mataki na 3: Silinda huɗu, V6, ko ƙarami mai turbo

V6 yana da daɗin tuƙi, ba ya rawa, ba ya jin lodi. Farashinsa ne ake mantawa. A cikin gari da kilim yana shan lita 14 zuwa 16 a kilomita 100, inda mai silinda huɗu 2.4 ke shan 11 zuwa 13. Bambancin lita 3 a kilomita 15,000 lita 450 ne, sefa 378,000 a shekara a farashin da aka ambata. Juyen 2GR-FE, V6 na Toyota, yana cin baƙin mai lita 6 da ɗoriya, na 2AZ-FE kusan 4. Buji uku na baya suna ƙarƙashin bututun iska, sai an kwance shi kafin a kai gare su, shi ya sa wasu makanikai ke sauya na gaba uku su ce an gama. Ƙari kan haka, kwastan na duba girman inji, kuɗin binyet, wato harajin mota na shekara, da inshora kuma suna bin dokin haraji da ke kan kat giriz, takardar rajistar mota. Ɗakin inji ma a cike yake, zafi ba ya samun mafita a Afrilu.

Ƙananan injuna masu turbo, irin 1.4 da 1.8 TSI na Passat da 1.6 THP na Peugeot 508, suna ba da ƙarfin babban inji daga ƙaramin jiki, kuma tsauni ba ya rage su sosai don turbo na cike gurbin iskar. Sai dai sun tara duk abin da yanayinmu ke ƙi: fesa mai kai tsaye, zafi mai yawa, da turbo mai juyawa sama da zagaye 150,000 a minti a kan siririn baƙin mai. Juye ɗaya da jabun mai ya isa. Wanda ya riga ya mallaki mai turbo, na fetur ko na gazuwal, ya bar inji a silo minti ɗaya bayan doguwar tafiya kafin ya kashe, don man da ya tsaya a cikin turbo mai zafi yana ƙonewa ya toshe hanyarsa.

Camry mai haɗin batir da fetur tana da inji mai kyau da ƙarancin sha, amma babban batirinta yana shan iska ta wata fanka a bayan kujera, ƙurar hunturu na toshe ta, zafi kuma shi ne ajalin batir. Sai in kana da mai gyaranta a garinku.

Mataki na 4: Bel ko sarƙa

Abin da ke haɗa juyawar ƙasan inji da bawul ko dai bel ne na roba ko sarƙa. Sarƙa ba ta da wa'adi in ana juye a kan lokaci: 1ZZ-FE, 2AZ-FE, 2AR-FE, 2GR-FE da K24 duk sarƙa ne. Bel yana da wa'adi, kuma zafi na tsufar da roba ko mota na ajiye. A kan 5S-FE, 3S-FE, 4A-FE da 7A-FE in ya tsinke mota ce kawai ke tsayawa, a sa sabo a wuce. A kan HDi, TDI, EW10, 1CD-FTV, wato gazuwal 2.0 na Avensis, da V6 na Honda, fistin na dukan bawul ya lanƙwasa su, sai an sauke kan inji. Duk motar da ka saya mai bel, ka ɗauka ba a taɓa sauya shi ba. Ka sauya shi tare da tayoyin da ke ɗaure shi da famfon ruwa, sannan ka maimaita duk kilomita 70,000 ko shekara huɗu, ko da littafin motar ya faɗi fiye da haka.

Mataki na 5: Gano ainihin injin da cutar gidansu

Kada ka dogara da rubutun bayan but. A Toyota, duba farantin da ke jikin ginshiƙin ƙofa ko cikin ɗakin inji. A Avensis, ZZT250 na nufin 1.6, ZZT251 1.8, AZT250 2.0 wanda a motocin Turai galibi D-4 ne, CDT250 gazuwal 2.0, ADT251 gazuwal 2.2. A Camry, SXV20 5S-FE ne, ACV30 da ACV40 2AZ-FE, ASV40 2AR-FE, MCV da GSV kuma V6. A sunan injin kansa, FE shi ne mai haƙurin, in ka ga FSE to mai fesawa kai tsaye ne. A Peugeot, harafi na shida zuwa na takwas na lambar shasi su ne injin: RHY HDi 90, RHZ HDi 110, RFN fetur 2.0, 9HZ kuma 1.6 HDi. Daga nan ka nemi lambar da aka buga a jikin injin ka gwada da takardu, don injin da aka musanya ba ya faɗa da bakinsa.

Kowane gida da cutarsa. 1ZZ-FE na kafin 2005 yana shan baƙin mai saboda ramukan mayar da mai a fistin suna toshewa. 2AZ-FE na 2007 zuwa 2009 ma haka, har Toyota ta ɗauki shan kusan lita ɗaya a kilomita 1,900 a matsayin iyakar da ake sauya fistin da ringi. 2AZ-FE na 2002 zuwa 2006 kuma zaren kusoshin kan inji na baya ne ke zarewa daga jikin alminiyam in ya taɓa yin zafi, ruwa ya riƙa tsatsafowa a bayan inji ƙarƙashin bututun iska. 5S-FE da 1MZ-FE na 1997 zuwa 2001 suna tara daskararren mai in an jinkirta juye. 2GR-FE na farko-farko yana da wani tiyon mai na roba da kan fashe ya zubar da mai gaba ɗaya, an maye shi da na ƙarfe, a duba wanne ke jiki. Gazuwal 2.2 na Avensis an san shi da ƙona gasket ɗin kan inji. 1.6 HDi na 407 yana kashe turbo saboda toshewar siririn bututun mai. 1.9 TDI mai doki 100 zuwa 130 yana buƙatar baƙin mai mai lambar 505.01, in ba haka ba sandar da ke danna bawul ta cinye. Sonata ta 2011 da 2012 mai 2.4 GDI kuwa kamfanin da kansa ya kira su gyara a Amurka a 2015 saboda metal ɗin ƙasan inji.

In za a jera su don iyalin da ke Garwa, Marwa ko Njamena, 2AR-FE na Camry daga 2010 da K24 na Accord na kafin 2013 suna gaba, sai 1ZZ-FE na bayan 2005, sai 2AZ-FE da aka tabbatar ba ya shan mai. Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi 5S-FE ko Carina E mai tsafta, kayansu har a ƙananan garuruwa ana samu. Mai doguwar hanya kullum, 406 HDi marar matatar toka.

Mataki na 6: Giyar da aka haɗa masa

Giyar hannu ta fi sauƙin gyara, kuma ana tura mota ta tashi. Atomatik na Toyota mai hawa huɗu ko biyar yana daɗewa in an ba shi mansa, T-IV ko WS gwargwadon abin da aka rubuta. Honda ba ta karɓar man kowa sai nata, kuma atomatik na Accord V6 na 2003 da 2004 yana da rauni. AL4 na Peugeot ba ya son zafi. Giyar CVT, wato atomatik marar hawa-hawa, ta Nissan Altima da ta Avensis daga 2009 ba ta son lodi da tudu da rana a lokaci guda, kuma ba a cika gyara ta a nan ba sai musanya.

Mataki na 7: Gwajin inji kafin a biya

Ka je da sassafe, ka ce kada a tayar da motar kafin ka iso. Taɓa inji da hannu. In da ɗumi, an riga an ɓoye maka rabin labari.

Tun yana sanyi, buɗe murfin lagireto. Ruwan ya zama mai launi, ja ko kore ko ruwan hoda. Ruwan tsatsa na nuna an daɗe ana zuba na rijiya, maiƙo a sama kuma na nuna mai ya ratso. Buɗe murfin baƙin mai ka haska ciki: ƙarfe mai launin zuma lafiya ne, baƙin kitse mai kauri jinkirin juye ne, farin kumfa kamar kindirmo a murfin kuma ruwa ne ya haɗu da mai. Cire tiyon da ke bayan filtar iska ka shafa cikinsa da yatsa. In ka ji ƙura, ta daɗe tana shiga silinda.

Murɗa makulli ba tare da tayarwa ba. Fitilar inji, ta mai da ta batir dole su kama, su mutu bayan ya tashi. Wadda ba ta kama ba an cire ta ne ko an rufe. Tayar, ka saurari daƙiƙu biyar na farko. Ƙarar kaca-kaca da ta wuce daƙiƙa biyu sarƙa ce ko na'urar VVT-i mai sauya lokacin buɗewar bawul. Bugu mai nauyi daga ƙasa da ke bin taku metal ne, a bar motar nan take. Sa wani ya tsaya a baya: shuɗin hayaƙi mai ne ke ƙonewa, fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan inji ya ɗumama ruwa ne, baƙi kuma mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Da murfin lagireto a buɗe inji na silo, kumfa da ke fitowa ba tsayawa alamar gasket ce. Haka, bayan an mayar da murfin, in babban tiyon sama ya yi tauri cikin minti biyu ruwa bai ko ɗumama ba.

Sa na'urar OBD, wadda ke karanta lambobin matsala daga kwamfutar mota. Motocin Amurka suna da wurinta tun 1996, na Turai masu fetur tun 2001, masu gazuwal daga 2004. P0300 zuwa P0304 silinda ce ke fashin wuta, P0171 iska ta fi mai, P0420 katalis, mai tace hayaƙi a salansa, ya mutu ko an fasa an sayar, P0016 taimin, wato daidaiton juyawar ƙasan inji da bawul, ya goce, P0401 hanyar EGR, mai mayar da wani kason hayaƙi cikin inji, ta toshe. In ba lamba ko ɗaya amma na'urar ta nuna gwaje-gwajen cikin kwamfuta ba su kammala ba, jiya ko yau aka goge. Duba kuma gyaran mai na dogon lokaci, wato yawan man da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa, kada ya wuce kashi 10 sama ko ƙasa. Motar Amurka mil take ƙirga, ka ninka da 1.6.

Sai awon matsi, wanda shi ne gwajin da ba a yi masa kwalliya. Inji ya yi zafi, a cire buji duka, a cire fis ɗin famfon mai, a take totur har ƙasa, a juya kowace silinda daƙiƙa biyar. A injunan fetur na Toyota da aka ambata, lafiyayye yana kusa da ba 13, kada ya gaza 10, kuma tazarar silinda da 'yar'uwarta kada ta wuce ba 1. In ɗaya ta yi ƙasa, a zuba cokalin shayi na baƙin mai ta ramin buji a sake. In ta tashi, ringi ne. In ba ta tashi ba, bawul ne ko gasket. Biyu maƙwabta da suka faɗi tare, gasket ya ƙone a tsakaninsu. Bujin da aka cire ma shaida ne: mai jiƙe da baƙin maiƙo yana nuna silindar da ke shan mai, wanda ya fi sauran haske fes kuma ruwa ne ke wanke shi.

A ƙarshe a hau hanya minti talatin, mutum huɗu a ciki, kilim a kunne. A giya ta uku, taka daga 40 zuwa 80 har ƙasa, ka saurari ƙas-ƙas ko shaƙewa. Saki totur a gangara, ka sake takawa, mai bin ka a baya ya duba shuɗin hayaƙi. Da an dawo kada a kashe: a bar ta a rana minti goma da kilim, ana kallon zafin ruwa a na'urar OBD. Tsakanin 85 da 100 daidai ne, fanka ta kama ta saki. In yana ta hawa ya wuce 105, akwai aiki a gaba, a cire kuɗinsa daga ciniki ko a haƙura.

Mataki na 8: Makon farko bayan saye

Fara da sanyaya, don a watannin Maris zuwa Mayu da zafi ke wuce 40 shi ne ke raba inji da ransa. A wanke lagireto ciki da waje, a hura ƙurar da ke tsakaninsa da na kilim, a zuba ruwan sanyaya na gaske, ba na famfo ba, wanda ke barin farar ƙasa a bututu yana cin alminiyam. Sauya murfin lagireto da mai lambar da aka rubuta, 0.9 ko 1.1. Matsin murfin nan ne ke hana ruwa tafasa sai ya haura 120, in ya saki, ruwa na tafasa a kusa da 100 ko komai lafiya.

Kada ka yarda a cire tamostat, kuma in an riga an cire a mayar. A Toyota yana buɗewa a kusan 82. Ba tare ruwa kawai yake yi ba: in ya buɗe yana rufe wata gajeriyar hanya da ke mayar da ruwa cikin inji ba tare da ya bi lagireto ba. In babu shi, wani kaso na ruwan zafi yana ta zagaye a ciki, a tudu mota ta yi zafi duk da an cire shi. Da sanyin Disamba kuma inji ba ya kai zafin aikinsa, kwamfuta ta ci gaba da ƙara mai, fetur ya wanke bangon silinda. Haɗa fanka kai tsaye da makulli ma ɓoye cuta ne, ya kuma gajiyar da fankar.

Baƙin mai a bi littafi. Injunan VVT-i da i-VTEC da matsin mai suke juya taimin ta ƙananan ramuka, don haka 20W-50 da ake zuba wa kowace mota saboda zafi yana jinkirta isar mai da safe. 5W-30 ko 10W-40 na gaske, daga wurin da aka amince da shi, juye duk kilomita 5,000 tare da filta. Mai kauri sai tsohon inji irin 5S-FE ko 2C da ya riga ya saki. Bayan juyen farko, cika daidai layin sama na gejin mai, rubuta kilomita, ka duba bayan 1,000 a wuri mai daidai da safe. Tsakanin layi biyu na gejin kusan lita ɗaya ne ko ɗan fiye. In ya sauka rabi, injin mai shan mai ne, ka riƙa yawo da lita ɗaya a but kana dubawa duk mako.

Filtar iska a hunturu a duba ta duk mako biyu, a kakkaɓe a hankali, a sauya duk kilomita 10,000. Hura ta da iska mai ƙarfi yana yaga takardar inda ido ba ya gani. A tabbata murfin akwatinta yana rufuwa da dukkan maƙallansa. Sauya filtar fetur in tana waje, kada kuma a saba barin tanki ƙasa da kwata, don man ne ke sanyaya famfon da ke cikinsa. In dole ta sa an sha na kwalba, a tace da kyalle mai tsafta a mazurari, a bar ɗan na ƙasan kwalbar, a cika da na gidan mai da zarar an isa gari.